Sunan da Inna Ta Kira a Asibiti

Allah da ya ba mu aron Inna ya karɓi abinsa wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Surukata ce, mahaifiyar maigidana, kuma shekara ashirin da bakwai muka yi a tsakar gida ɗaya. Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi mata nan.

Kafin azahar gida ya cika har bakin rumbu. Maza suka bar gero a kwance a gona suka zo. Kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce tunda yake bai taɓa jin an kawo ƙararta a kan iyakar gona ba. Matan unguwa kuwa daddawarta suka riƙa ambata, wata ma ta ce yanzu kam miya ta mutu a garin nan, aka yi dariya ana share hawaye. Ni kuma duk wadda ta shigo sai ta riƙe hannuna ta ce, "Kin yi jinya, Allah ya ba ki lada." Ina amsawa da amin, amma na san abin da su ba su sani ba.

Ƙanwar Inna, wadda ke aure wajen Shanono, ta zauna kusa da ni ta rage murya.

"Gara da Allah ya rufa mata asiri. Da ta daɗe, wa ya san abin da bakin nan zai ƙara faɗa."

Na juya na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Ranar sadakar uku sai ga aminiyar Inna, wata tsohuwa daga ƙauyen da ke hayin rafi. 'Yar coci ce, tun suna 'yammata suke tare, kuma ba ta iya zagaye a magana ba. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a ƙofar ɗakin Inna, ta ƙi tabarmar da na shimfiɗa mata.

"Ba wurinku na zo ba. Ina ɗanta na fari?"

Aka kira maigidana daga zaure. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "An ce ta kira sunanka a asibiti. Ka amsa?"

Mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa kamar an kama shi da laifi. Saboda wannan tambaya na ɗauki biro, ni da ba gwanar rubutu ba.

Inna mutumiyar dā ce. Ɗan fari a wurinta abin kunya ne: ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yabonsa, in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta sami abin yi a waccan. "Wancan" take ce masa. Ƙannensa huɗu kuwa tana kiran su har da zagi. Duk yaron da aka sa wa suna irin nasa a unguwa, sai ta laƙa masa wani laƙabi, ya bi shi har girma.

Amma kullum da la'asar, in ya dawo daga gona, sai ta leƙo madafa ta yi kamar tana neman ludayi.

"Wancan ya ci?"

"Ya ci, Inna."

"Da miya?"

In an yi yanka, tsokar da ta fi kyau sai ta ɓace daga tukunya. Can sai in gan ta a ƙaramin akushi an rufe da faifai. Inna ta turo min shi da ƙafa ta ce, "Kai wancan ɗakin, ni haƙorina ba ya iyawa." Alhali a lokacin tana fasa goruba da haƙoran nan.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi mai suna faɗa. Ina sabuwar amarya, mai son a ce tana da tsabta, na ga tukunyar da take rufe kalwa a ciki ta yi baƙi tana wari. Na kai ta bakin rijiya na dirje ta da soso da sabulu har tana ƙyalli. Inna ta dawo ta tsaya a kanta kamar an yi mata rasuwa.

"Wa ya aike ki?"

"Inna, wari take yi."

"Warin nan ya girme ki."

Kwana uku ba ta yi min magana ba. Da akuya take aiko min da saƙo. Ina tsaye kusa da ita za ta juya wajen turke ta ce, "Ke jar akuya, gaya wa mai sabulu tuwonta yana kamawa." Daddawar wannan karon ba ta yi ba, ta zubar wa kaji. A rana ta huɗu ta kira ni ta zaunar, ta nuna min yadda ake gane kalwa ta nuna: da hanci, kuma da yadda take kama yatsa. Daga ranar har ta bar sana'a ni ce mai juya mata tukunya, amma sunan mai sabulu bai bar ni ba.

Da na haifi 'yata ta fari na sha wuya, uwata kuma ta riga ta rasu. Inna ce ta yi min wankan jego kwana arba'in. Ita ke faskare, ita ke yanko ganyen darbejiya, ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Sai dai wata rana mata sun zo barka, na manta kaina na sumbaci jaririyar a goshi. Na ji an mintsine ni a cinya. Bayan an watse ta ce, "Ta fari ce. A ciki ake son su." Ta faɗa tana kallon bango, kuma na daɗe ban gane da wa take ba.

Gigin tsufa ya zo mata a hankali. Ta sa gishiri a koko. Ta tambayi inda mijinta ya tafi, shi da ya shekara goma a ƙasa. Wata safiya aka tsinto ta a hanyar Watari da kwando a ka, wai za ta kai wa babanta abinci gona. Wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce tsufa ne kawai, a yi haƙuri. Muka sa wa ƙofar gida sakata ta sama inda hannunta ba ya kaiwa. Da damina ta faɗi, ana noman farko, ta fita cikin ruwa da gudu za ta kwashe shanyar kalwa, kalwar da rabonta da ita shekara biyu. Santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugu ya karye. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Aka kai ta babban asibiti a birni, ni ce mai jinya.

Asibiti bai karɓi Inna ba. Ɗaki ne dogo, gadaje a jere, fanka tana juyawa, kowa baƙo. Ta ɗauka tashar mota ce, kullum tana ɗaure kayanta. Ta fizge allurar ƙarin ruwa sau biyu, har aka ɗaure mata hannu da bandeji a jikin ƙarfen gado. Ban ga laifin ma'aikatan jinya sosai ba, su biyu ne a kan ɗaki guda. Amma ganin hannun da ya yi min wankan jego a ɗaure, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Maza sai da la'asar ake barin su shiga. Maigidana yakan kwana biyu a gidan wani ɗan'uwa a birni, ya koma ƙauye kwana ɗaya ko biyu saboda noma, ya dawo. A rana ta uku ya shigo da ledar lemo. Inna tana kwance, rabonta da magana mai ma'ana tun safe. Tana ganinsa ta yunƙura ta ɗaga kai, ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfi, har sau biyu. Ni ba zan rubuta shi ba, ni ma ba na faɗarsa.

Ta ce, "Zo nan. Zo ka ci, na ajiye maka."

Ta shiga kwance bakin zaninta da hannu ɗaya. Ƙosan safe ne guda biyu ta ƙulle a ciki.

Shekararsa hamsin da wani abu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya ajiye ledar a ƙarshen gado ya juya ya fita. Na bi shi, na same shi ƙarƙashin bishiyar da ke bakin taga, gumi yana zubo masa.

Ƙanwar Inna tana wurin ranar. Ta ce, "Wannan ba ita ba ce, ciwo ne yake magana." Ni kuma, ni da bakina, na ce masa, "Kada ka ƙara shiga sai ta dawo hayyacinta. In ta warke aka ba ta labari ta kira ka a gaban jama'a, ina za ta sa kanta?"

Ya ce to. Har ga Allah mutuncinta muke karewa. Muna ajiye mata kunyarta ne, kamar yadda ake ajiye wa wanda ya yi tafiya kayansa, ya dawo ya same su yadda ya bari. Daga ranar sai ya riƙa zuwa ya tsaya bakin taga ta waje, inda ba ta ganinsa. Ya yi gyaran murya in fito, ya ba ni abin da ya kawo, ya tambayi jiki, ya tafi.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, kowa Sista yake ce mata, doguwa mai tabarau. Ban da aikin ɗaki, tana wani bincike a kan tsofaffin da mantuwa ta kama aka kwantar da su asibiti. Ta yi min bayani, ta nemi izini, ta ce in mun ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake yi wa Inna. Na tambayi maigidana, ya yarda, na sa hannu. Tambayoyinta ba irin na likita ba ne. Me Inna take yi da hannunta a gida? Da wane suna ake kiranta? Da cokali take shan kunu ko da ludayi? Ta wane gefe take kwanciya?

Da na ce mata sana'ar daddawa, washegari ta zo da faifai da wake cikin leda, ta zuba wa Inna a cinya.

"Inna, taimaka min da tsintar nan, ni ban iya ba."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ƙatuwa da ke ba ki iya tsintar wake ba? Wa zai aure ki?"

"Shi ya sa na zo wurinki."

Aka kwance bandejin. Hannun da ke tsintar wake bai ƙara kai wa allura ba, sai da la'asar. Da la'asar kam ba wake ba faifai. Sai ta birkice, ta yi ta kiran sunan nan, ta ƙi abinci, ta ɓoye rabi a zani ko ƙarƙashin matashi. Ni kuma in yi ta cewa, "Inna, yi shiru, mutane suna ji."

Sista tana da wani ƙaramin littafi da take yin 'yan zane a ciki. Bayan kamar mako biyu ta kira ni baranda.

"Wane ne wannan da take kira?"

"Ba kowa."

Ta ce, "Hajiya, gaya min gaskiya."

"Ɗanta ne. Na fari."

Ta buɗe littafin ta nuna min. Ranakun da ya koma ƙauye, la'asar ɗin Inna da sauƙi, tana ɗan cin abinci. Ranakun da yake birni, zanen ya cika layi har ya sauka na ƙasa.

Ta ce, "Da na ɗauka yamma ce kawai take rikita ta, yawancinsu haka suke. Sai na lura da mai gyaran murya a bakin taga. Ta manta sunan garinku, amma ta san wannan muryar. Tana jin ya zo, tana kira, ba ya shigowa. Abincin da take ɓoyewa ba ƙin ci ba ne, nasa ne."

Na ce, "Sista, ke 'yar birni ce, ba za ki gane ba. In ta warke..."

"Kakata 'yar ƙauye ce, daga Zakirai, na san alkunya. Amma bari in gaya miki gaskiya, don ban ga wanda ya gaya muku ba. Ƙashin zai iya haɗuwa. Mantuwar ba ta komawa baya. Innar da kuke jira ta dawo ta ji kunya, ba za ta dawo ba. Wannan da ke kan gado ita ce kuke da ita, kuma ɗanta take nema. Ku bar shi ya shigo ya zauna, ko minti goma. Ko in yi masa magana da kaina?"

Na ce a'a, ni zan gaya masa.

Nan ne laifina yake, kuma ba na raba shi da kowa. Kwana tara na riƙe maganar nan. Ina tsoron bakin ƙanwar Inna. Ina jin nauyin in koma in ce masa shawarar da na ba shi ba daidai ba ce. Kuma can ƙasan raina ban yarda da Sista ba, ina cewa yarinya ce, me ta sani, Allah yana iya tashin Inna garau. Kullum Sista ta zo aiki sai ta dube ni ta saman tabarau, ni kuma in ce gobe. Kullum da la'asar ya yi gyaran murya, Inna ta kira, in fita in karɓi leda.

A kwana na goma zazzaɓi ya rufe ta, ciwo ya sauka a ƙirji. Aka sa mata robar iska a hanci kwana biyar. Ta tashi, amma maganar ba ta taso tare da ita ba. Sai kalma ɗaya, biyu, sai kallo.

Ranar da zazzaɓin ya rufe ta na gaya masa komai a ƙarƙashin bishiyar nan. Bai yi min faɗa ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya je ya zauna a kujerar gefen gado. Ya zauna har aka kaɗa ƙararrawar fita. Ta dube shi, ta dubi fanka. Ya dawo washegari, da wanshekare. Na ga yadda yake zama, ya ɗan karkato kunne, bakinsa a shirye. Ba ta kira ba.

Aka sallame mu, muka dawo gida da ita a kwance. Sista ta rako mu har mota, ta koya min yadda zan riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta sa faifan waken a cikin kayanmu. Wata biyu Inna ta yi a ɗakinta. Kowace safiya kafin ya tafi gona sai ya zauna a bakin ƙofarta yana ɓarar gyaɗa, gyaɗar da ba wanda ya sa shi. Ba ta kira ba.

Ana saura kwana huɗu ta rasu, da safe ina ba ta kunu da ludayi. Ta sha rabi ta ture. Ta kama bakin zanina ta jawo ni, muryar kamar ta mai raɗa.

"Wancan ya ci?"

Na buɗe baki zan ba da amsar da na saba bayarwa shekara ashirin da bakwai. Sai na ji daga bakin ƙofa an ce, "Ban ci ba, Inna."

Ya shigo ya durƙusa, ya ɗauki kwanon da ta rage ya kafa kai a gabanta. Ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, ba da ni ba, ba da shi ba, ina jin da jar akuyar nan da ta daɗe da mutuwa take:

"Gaya masa ya sha a hankali. Da zafi."

Wannan muka samu. Na gode wa Allah da shi, amma ba shi ta roƙa ba.

Shi ya sa ranar sadakar uku, da aminiyarta ta tambaye shi ko ya amsa, ya sunkuyar da kai. Ƙanwar Inna ta yi wuf ta ce, "Ai ciwo ne ya sa ta. Da hankalinta ba za ta taɓa ba."

Tsohuwar ta yi tsaki. "Ciwo? Ke kina ƙarama, ba ki san komai ba. Tun yana goye, in mun je rafi wankin kalwa, mu biyu, ba kowa, sai ta sa kanta cikin ƙwarya ta faɗi sunan nan. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta ɗago tana dariya. Har ya yi aure tana yi. Na ce mata wata rana sai kin kira shi ya ji. Ta ce in bar ta." Ta juya wajen maigidana. "Ba ciwo ne ya ba ta sunanka ba. Ƙwaryar kawai ya ɗauke."

Ya tashi ya fita, ba ta zaure ba, ta ƙofar baya, wajen gona.

Sista ta kira a waya ta yi mana gaisuwa bayan mako guda. Ta ce ta ƙara tambaya ɗaya a takardar da take yi wa masu jinya: wa tsohon nan yake kira, kuma me ya hana shi zuwa? Ta ce ba mu kaɗai ba ne. Na ce Allah ya sa ta amfani wasu, su ji da wuri.

Na nemi gafarar maigidana a kan kwana taran nan. Ya ce, "Ni ma ina da ƙafa. Taga da gadon taku nawa ne?" Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka.

An gama yankan gero, an ɗaure, an kai rumbu. Tukunyar kalwa tana nan a bayan ɗakinta, ba wanda ya wanke. Yakan zauna a bakin ƙofar da la'asar in ya dawo daga gona. Shekaranjiya ina madafa ina tankaɗe, gidan shiru, ba wanda ya yi magana, sai na ji ya ce a hankali, "Na'am."

Na ci gaba da tankaɗena kamar ban ji ba. Allah ya kai mata.